TAFKI MA GONA NE: KAMUN KIFI DA ƘARAMIN KWALEKWALE

Darasi domin taron ƙungiyoyin manoma na ikkilisiyoyi a ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:6-7, Matiyu 13:47-48

Shugaban taro ya sa mutum ɗaya ya karanta darasin nan a hankali. A tsaya a ƙarshen kowane kashi domin masu tambaya.

GABATARWA

'Yan'uwa, babu manomi a cikinmu da zai buɗe rumbu ya kwashe iri ya ba uwargida ta daka. Ko yunwa ta matsa, yakan ware damin iri ya ɓoye, gama ya san damina tana zuwa. Amma abin da ba mu yi wa gero, shi muke yi wa kifi.

Dukanmu mun san yadda ake yi. Idan watan Maris ya kama, ruwa ya ja baya, sai a sa rana. Gari duka a faɗa tafki da koma da taru, waɗansu har da gidan sauro. Kafin rana ta yi tsaka an kwashe babba da ƙarami. Kwana 3 ana cin kifi a kowane gida, wani ma ya ruɓe a zubar. Daga nan sai baɗi. Baɗin kuma kifin bai kai na bana ba, mu ce ruwa ne ya yi rowa.

Manufar darasin nan ita ce mu koyi wata hanya dabam: mutum ɗaya, da ƙaramin kwalekwale, da ƙugiya, yana ɗiban kifi kaɗan kaɗan, yana zaɓen wanda ya isa ci, yana barin iri. Ta haka tafki ɗaya zai ba 'ya'yanmu kifi watanni da yawa kowace shekara. Kifi abinci ne mai gina jiki. Samunsa a miya yana taimaka wa yaro ya yi nisa da tamowa.

KASHI NA 1: RUWAN DA MUKE DA SHI

Mu ba mutanen bakin babban kogi ba ne. Ko da yake Kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya faro, yawancin rafukanmu da damina suke gudu, da rani sai yashi. Ruwan da yake zama mana shi ne na madatsai. Akwai madatsar Mairuwa a ƙasar Faskari, da ta Gwaigwaye kusa da Funtuwa, da babbar madatsar Zobe wajen Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983. Ban da waɗannan akwai ƙananan madatsai na ƙasa da aka yi wa ƙauyuka domin sha da ban ruwan dabbobi, da tafkuna, da manyan kududdufai da masu aikin hanya suka bari. A kan waɗannan ƙananan ne muke magana.

Ƙaramin ruwa yana da hali guda da ya kamata mu riƙe. Babban kogi idan an kwashe kifinsa a nan, wani kifin yakan zo daga can. Ƙaramar madatsa kuwa kamar rumbu take. Abin da ke ciki shi ke nan. Idan an share shi, babu mai cika shi sai an daɗe.

KASHI NA 2: MU SAN HALIN KIFINMU

Kifi iri 2 ne suka fi yawa a irin wannan ruwa.

Karfasa. Tana cin gansakuka da ƙananan ƙwari da dusa. Idan lokacin haihuwa ya yi, namijin yakan share ɗan rami a wuri marar zurfi kusa da gaɓa. A irin karfasar da aka fi sani, macen takan kwashe ƙwayayen ta riƙe su cikin bakinta kamar mako 2, har 'ya'yan su iya iyo. Duk kwanakin nan ba ta cin abinci. Ku lura da wannan da kyau: tun da ba ta ci, da wuya ta kama ƙugiya. Amma taru ba ruwansa, yakan kwashe ta da 'ya'yanta ɗaruruwa a baki.

Tarwaɗa. Tana cin kome, har da 'ya'yan karfasa. Tana iya shaƙar iska, shi ya sa takan daɗe a cikin laka bayan sauran kifi sun mutu. Takan yi ƙwai da farkon damina, sa'ad da sabon ruwa ya hau kan ciyawar bakin tafki. A lokacin ne takan fito wuri marar zurfi, yara su bi ta da sanda. Kowace mai ƙwai da aka kashe a watan Yuni ko Yuli, kifin rani mai yawa ne aka kashe.

A waɗansu wurare akan sami ƙurungu da gaiwa. Amma ƙungiyar da ta san halin karfasa da tarwaɗa ta san yawancin abin da take bukata.

Kifi yana jin zafi da sanyi kamar mu. Da bazara yakan ci abinci da sassafe da kuma yamma, da tsakar rana ya nemi inuwa da zurfi. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, ruwa yakan yi sanyi, karfasa ta rage ci ƙwarai sai rana ta ɗumama ruwa. Kullum kuma kifi yana son wurin fakewa: gindin busasshen itace, gefen duwatsu, bakin ciyawa, da tsohon kwarin rafin da ruwa ya rufe.

KASHI NA 3: ME YA SA KWALEKWALE?

Mai tsayawa a gaɓa yakan kama ƙananan kifi, gama su ne ke zama a gaɓa. Manyan suna can inda sandarsa ba ta kai. Masuntan dauri sukan hau babban gora su kwanta a kai su shiga tsakiya. Wannan dabara ce mai kyau, amma rabin jikin mutum yana cikin ruwa yini guda, ga sanyi ga cuta. Ƙaramin kwalekwale yana kai mutum inda kifi yake ba tare da ya jiƙe ba, ba ya kuma bukatar inji ko mai.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan sana'a ba. A Amurka akwai wani kifi mai faɗi kamar karfasa, suna ce da shi kirafi. Mutane da yawa suna kamunsa a ƙananan tafkuna da ƙugiya, daga cikin wani siririn jirgi na mutum ɗaya da ake kira kayak. Abin koyi a wurinsu ba jirgin ba ne. A jihohinsu da dama doka ta ƙayyade yawan kifin da mutum zai kai gida a rana, a waɗansu tafkunan har da tsawon da kifi zai kai kafin a ɗauke shi. Mai kamu yakan auna, in bai kai ba ya mayar.

Ga kayan da ƙungiya za ta tanada:

1. Kwalekwale na katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa kamar ƙafa 10 zuwa 12. Kada a yi shi siriri ƙwarai, gama mai faɗi ya fi wuyar kifewa. A nemi kafintan da ya taɓa yin irinsa, a toshe tsakanin katako da kwalta.
2. Filafili 1, da doguwar sanda ta tura jirgi da auna zurfi.
3. Jarkoki 2 na lita 20, babu kome a ciki, a rufe su sosai a ɗaure su cikin jirgi. Kowace ɗaya tana iya ɗaukar nauyin kusan kilo 20 a kan ruwa. Ko jirgi ya cika ba zai nutse ba.
4. Rigar hana nutsewa. Ta fi kome muhimmanci cikin kayan nan.
5. Dutse mai nauyi da igiya, domin tsai da jirgi.
6. Ƙoƙo na kwashe ruwa, da bokiti na ajiye kifi da rai.
7. Sandar gwangwala, da zaren kamun kifi, da ƙugiyoyi ƙanana domin karfasa, manya domin tarwaɗa. Totuwar kara ta isa ta zama abin da zai yi yawo a bisa ruwa ya nuna kifi ya taɓa.

Jirgi ɗaya ya isa ƙungiya ta fara da shi. Mutum ɗaya ba zai iya kuɗinsa ba, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

KASHI NA 4: YADDA AKE KAMU

Kafin mu jefa ƙugiya, mu fara sanin gonar. Da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, mutum 2 su zaga da sanda su auna zurfi. Su lura da inda kwari yake, da inda kututture yake. Sakataren ƙungiya ya zana wannan a takarda. Dattawan da suka san wurin kafin a datse ruwa za su taimaka ƙwarai.

Ranar kamu a bi wannan tsari:

Na fari, a tuƙa a hankali. Kifi yana jin ƙarar filafili idan ya bugi katako, da ƙarar bokiti. A shimfiɗa tsohon buhu a gindin jirgi domin rage ƙara.

Na biyu, kada a hau kan wurin kifi. A tsaya nesa kaɗan, kamar tsawon sanda 2, a saki dutse a hankali. A zauna yadda inuwar mutum ba za ta faɗa kan wurin ba.

Na uku, a watsa ɗan dusa da aka dama da ruwa, cikin hannu 1 ko 2, a dakata kaɗan. Idan ana yin haka wuri ɗaya kullum, karfasa takan saba da wurin.

Na huɗu, a sa koto. Karfasa tana son tana, da gara, da tuwon da aka cuɗa da dusa. Tarwaɗa tana son tana, da fara, da hanjin kaza. Karfasa takan tsaya tsakiyar ruwa, tarwaɗa kuwa a ƙasa. A fara da zurfin ƙafa 3. In babu taɓawa, a ƙara ƙafa 1, har a sami inda suke. Kifi yakan taru a zurfi ɗaya, idan an same shi sai a tsaya nan.

Na biyar, in an daɗe babu kome, a ɗaga dutse a koma wani wuri. Wannan shi ne amfanin jirgi.

Na shida, a zaɓa. Misalin da Ubangijinmu ya bayar a Matiyu 13 ya nuna masunta suna zama suna tantance abin da suka kama. Mu namu tantancewar a kan ruwa za mu yi ta, tun kifi yana da rai. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a cire ƙugiya a hankali, a saki ƙarami nan take.

KASHI NA 5: MU GINA WA KIFI GIDA

Yawancin ƙananan madatsai gindinsu fili ne kamar masussuka, babu wurin fakewa. Za mu iya gyara wannan. A tara busassun rassa, a ɗaure su dami dami, a ɗaura musu dutse, a nutsar da su inda ruwa ba ya ƙafewa. A kafa sanda ta zama alama. Gansakuka takan fito a jikin rassan, ƙananan kifi su zo ci da ɓuya, manya su biyo su. Masuntan tafkin Nokuwe a Jamhuriyar Benin sun daɗe suna kafa rassa cikin ruwa domin wannan, masu kamun kirafi a Amurka ma haka suke yi.

Akwai wata riba kuma. Rassan nan sukan yaga taru. Wanda ya zo da dare ya share mana tafki ba zai ji daɗi ba.

Amma a kiyaye abu 3. Kada a sare ɗanyen itace domin wannan. Kada a sa tinya ko magimfa, gama guba ne ga kifi. Kada a nutsar da rassa kusa da bangon madatsa, ko mafitar ruwa, ko mashayar shanu.

KASHI NA 6: DOKOKIN DA ZA MU YARDA A KANSU

Shari'ar Musa ta hana wanda ya sami sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Allah ya yarda mutum ya ci, amma bai yarda ya yanke iri ba. Kakanninmu ma sun san wannan. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akan hana su a Matan Fada kafin biki, shi ya sa ake samun manyan kifin da duniya take zuwa gani.

Gwamnati ma tana da doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai a waɗansu irin kamu na musamman da ba su shafe mu ba.

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta tattauna waɗannan:

1. A rufe kamu daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Lokacin haihuwar kifi ne, lokacin noma ne kuma, ba mu rasa kome ba.
2. A ware kusurwa ɗaya mai ciyawa, marar zurfi, a hana taɓa ta duk shekara. Ita ce rumbun iri.
3. Karfasar da ba ta kai tsawon tafin hannun babba ba, da tarwaɗar da ba ta kai ƙafa 1 ba, a mayar.
4. Babu taru, babu gidan sauro. Gidan sauro na kare yara ne daga zazzaɓi, yana kuma ɗauke da maganin ƙwari.
5. Babu guba ko kaɗan. Manyanmu sun tuna ɓarnar Gamalin. Sinadarin da ke cikinsa, a 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin waɗanda za a daina. Ruwan da aka zuba wa guba, shi shanu za su sha, shi mata za su ɗiba.
6. Kada a wanke tankin feshi ko kwalbar maganin gona a tafki. Ɗan abin da ya rage a tankin feshin auduga ko wake yana kashe kifi.
7. A bar ciyawa a gewayen ruwa, a dasa jema ko gamba. Idan muka yi huɗa har bakin ruwa, ƙasar gonarmu ce za ta cike tafkin.

Ruwan nan ba na ikkilisiya kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna sha, Fulani suna kawo shanu, masu lambu suna ban ruwa. Dokar da muka yi mu kaɗai ba za ta tsaya ba, sai ma ta jawo faɗa. A je wurin mai unguwa da dagaci, a kira Sarkin Ruwa in akwai, da Arɗo, da malamin gona, a zauna tare. In madatsar ta gwamnati ce, tilas a nemi izinin hukumar da take kula da ita kafin a sa jirgi.

KASHI NA 7: IDAN KIFI YA ƘI GIRMA

Wani lokaci ƙungiya takan kiyaye dokoki, amma karfasa ta ƙi girma. Dalili shi ne karfasa tana haihuwa tun tana 'yar wata 5 ko 6, tana kuma yi sau da yawa a shekara. In babu mai cin 'ya'yanta, sai ta cika tafki, abinci ya kasa. Kamar gero ne da ya yi yawa a rami ɗaya ba a rage ba.

Ga yadda za mu bambanta. Idan kifi kaɗan ake samu, ƙanana kuma, an daɗe ana jira, to, an yi wa ruwan yawan kamu, yana son hutu. Idan kuwa da jefawa sai kamawa, amma duka 'yan ƙanana masu manyan idanu, waɗansu har da ƙwai, to, sun yi cunkoso. Maganin wannan shi ne a ɗage doka ta 3 ga karfasa na ɗan lokaci, a rage ƙananan a soya a ci da ƙashinsu, a bar tarwaɗa ta yi aikinta.

Ba za mu san wanne ne ba sai da littafi. Duk wanda ya fito daga ruwa ya faɗa wa sakatare ranar, da awa nawa ya yi, da kifi nawa, da girmansu. A daidai littafin nan za a rubuta 'yan kuɗin hayar jirgi, a tara domin kwalta da gyara.

KASHI NA 8: RAI YA FI KIFI

Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kada mu ji kunyar faɗa. Ƙaramar madatsa tana cin mutum kamar babba.

1. Ba mai shiga jirgi sai da rigar hana nutsewa a jikinsa, a ɗaure.
2. Kullum mutum ɗaya ya tsaya a gaɓa da doguwar igiya da jarka.
3. A zauna a jirgi, kada a miƙe tsaye. In ya kife, a riƙe shi, kada a bar shi a nufi gaɓa.
4. Da ganin hadari ko jin tsawa, a fito. Haka kuma idan iskar hunturu ta tashi.
5. Kada a kusanci mafitar ruwa. Kada a ɗauki yara. Wanda ya sha giya kada a ba shi filafili.
6. A ɗaure jirgi da sarƙa da kwaɗo, domin kada yara su kwance shi.

Mun gode wa Allah, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Amma tsargiya tana nan. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan katantanwa na bakin ruwa, ta ratsa fatar mai shiga. Kada a yi fitsari ko bayan gida a bakin tafki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

Mun kuma san halin da ƙasarmu ta shiga saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya manta da ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disamba 2020. Saboda haka kamu da rana ne kaɗai, a ruwan da ke kusa da gari. In mai unguwa ya ce a dakata, a dakata.

KASHI NA 9: BAYAN AN FITO

Kifi ba ya jira. A fede shi nan da nan, a wanke da ruwa mai tsabta, a ajiye a inuwa. Wanda ba za a ci ranar ba, a sa masa gishiri a yi banda da wuta marar ƙarfi har ya bushe sarai. Kada a yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari. In an ga ƙwaro, a sake mai da shi kan wuta. Zumuntar mata za ta iya riƙe wannan aiki. Muna roƙo kuma, tukunyar gida ta fara samu kafin kasuwa, yara da masu ciki su fara samu kafin maigida.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane ruwa ne kusa da mu yake kaiwa har damina bai ƙafe ba? Wa yake da iko a kansa?
2. Dattawa su faɗa mana: kifin da ake kamawa dā da na yanzu, girmansu ɗaya ne? Me ya sa?
3. Cikin dokoki 7 na Kashi na 6, wacce za ta fi yi mana wuya? Yaya za mu yi da ɗan ƙungiyar da ya karya ta?
4. Waɗanda suka saba da ranar su ta gari za su ga kamar mun hana su rabonsu. Me za mu ba su a maimako?
5. Mutum nawa ne cikinmu suka iya iyo? Wa zai koya wa saura?

AIKIN WANNAN WATA

A zaɓi mutum 3, har da mace 1, su je wurin mai unguwa da wannan magana. Waɗansu 2 su tambayo kuɗin katako da na rigar hana nutsewa. A kawo rahoto a taro mai zuwa.

A rufe da addu'a. A gode wa Allah domin ruwa da abin da ke cikinsa, a roƙe shi zaman lafiya a ƙasarmu, da zuciyar da za ta bar wa 'ya'yanmu iri.